WUƘA DA KUBENTA: ABIN DA IYAYENMU SUKA ZO DA SHI

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar La'asar sai ga wani matashi ɗan unguwar nan, wanda bai daɗe da fara sayar da rake ba, ya yi sallama ya durƙusa ya ce, "Baba, shawara nake nema. Wace wuƙa zan saya mai sauƙin kuɗi, ba mai ninkewa ba, wadda zan riƙa fita da ita kullum?" Kafin ya rufe baki majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce ya tafi wurin maƙera, wasu suka ce ai ta kanti ta fi haske kuma ba ta tsatsa. Ana cikin haka sai wani dattijo daga cikinmu, wanda ya yi fawa fiye da shekara arba'in, ya ɗaga hannu ya ce, "Duk kun yi ta magana, amma ba wanda ya tambayi yaron nan ina zai sa ta in ya gama aiki." Sai kowa ya yi shiru.

Wannan magana ita ta sa muka ga ya dace mu ɗan koma baya, mu duba yadda iyaye da kakanni suka riƙi wuƙa, domin mu san abin da za mu faɗa wa yaranmu. Mu 'yan kasuwa ne, ba malaman tarihi ba, amma abin da muka ji a bakin manya da wanda muka karanta, shi za mu kawo, Allah Ya sa ya yi amfani.

ƘARFE TUN KAFIN ZUWAN BATURE

Da farko dai mu sani ba Bature ne ya kawo mana ƙarfe ba. A nan kusa da mu, a wani wuri da ake kira Taruga, yankin Abuja, masu tonon kayan tarihi sun gano matoyan narka tama waɗanda suka haura shekara 2000. A ƙasar Hausa kuwa, labarin kafuwar Kano kansa da maƙera ya fara, domin tarihin baka ya nuna Abagayawa, mutanen Gaya, neman tama ne ya kawo su gindin Dutsen Dala. Tun daga wancan zamani ake haƙo tama, a narka ta da gawayi, a fitar da ƙarfe a kai wa maƙeri. Shi kuma yana zaune gaban uwar maƙera, yaro na masa zuga-zugi, ya kama jan ƙarfe da awartaki ya yi ta dukansa da masaba har fartanya ko lauje ko wuƙa ta fito. Masu wannan aiki su ne maƙeran baƙi, saɓanin maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Suna da Sarkin Maƙera, kuma sana'a ce ta gado, ɗa ya gaji ubansa.

Haka nan shigowar ƙarfen waje ba yau ta fara ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa ana kawo dubban ruwan takuba daga garin Solingen na ƙasarsu, ta hanyar Sahara. Abin lura a nan shi ne, ruwan ƙarfen kawai ake kawowa. A Kano ake sa masa mariƙi, dukawa su ɗinka masa kube, sannan a sayar, wasu ma a sake fita da su zuwa wasu ƙasashe. Wato tun a wancan lokaci, kaifi ko daga ina ya zo, ba ya shiga hannun mai saye sai ya bi ta wurin baduku. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, mai sayar da wuƙa da mai ɗinkin kube maƙwabtan juna ne a sana'a. Ba a san wuƙa tsirara a kasuwa ba.

WUƘAR FATAKE

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro, su bi ta ƙasar Nufe ko ta Yawuri da Bargu har su kai Salaga, sukan yi watanni a hanya. Ayari na da madugu, yana da jagaba, kuma don tsaron 'yan fashi akwai masu takobi da mashi da kwari da baka. Wuƙa ba ta cikin wannan lissafi, aikinta daban. Da ita ake yanke igiyar kaya in jaki ya faɗi, da ita ake gyara mangala, a fere rogo ko doya a zango, a yanka akuya, a fiƙe alƙalamin kara in akwai malami a ayarin, a cire ƙaya a ƙafa. Kowane falke da tasa, ƙarama, cikin kube, a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga ko a cikin burgame. Buzaye kuwa a damtse suke maƙala tasu, da zoben fata a jikin kuben.

Kowace sana'a kuma da irin wuƙarta. Mahauci na da ta yanka, mai tsawo, da ta fiɗa, gajera mai faɗi. Mai kilishi na da siririya wadda zai shimfiɗa nama da ita har ya zama kamar takarda. Wanzami na da asakensa cikin zabira. Baduku na da 'yar ƙarama ta yankan fata. Mai gyartai da tasa, mai sassaƙa da tasa. In ka ga wuƙar mutum ka san sana'arsa. Ba wanda ke sayen wuƙa don ta ba wani tsoro, domin wanda ke neman wannan, ai takobi zai nema.

JIRGIN ƘASA DA ZAMANMU A MINNA

A 1911 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, bakin kogin Kwara, zuwa Kano, ta ratsa ta Minna. Ba a daɗe ba hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo ta Jebba da Zungeru ta zo ta haɗe a nan. Wannan mahaɗa ita ta mayar da Minna gari, a ƙasar da Gwarawa, wato Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, suke zaune tun fil azal. Lebura da 'yan kwangila da mahauta da masu sayen doya da kaɗanya da gyaɗa suka yi ta sauka daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna babban birninta, sai wani sabon ayari ya biyo, har gari ya cika ya tumbatsa zuwa unguwanni irin tamu. Sunan Fadikpe kansa ya isa shaida cewa ba mu muka raɗa shi ba, mun zo mun tarar.

Jirgin nan da ya kawo mutane, shi ya canja wa maƙera sana'a. Da ƙarfen Turai ya yawaita, ga tarkacen reluwe, ga na motoci daga baya, sai narka tama ya yi ta ja da baya har aka daina, don kuwa wa zai kwana yana hura wuta a daji alhali ga ƙarfe a yashe? Maƙera suka koma ƙira da tsohon ƙarfe, suka kuma gano da gwaji cewa ba kowane ne ke yin wuƙa ba. Sifirin mota shi ne sarki. Tsohon magagari na ba da kaifi mai tsanani amma yana da saurin karyewa. Guntun zarto na yin 'yar wuƙar fere lemo. Rodin gini da ƙarfen duro kuwa, ko ka kwana kana wasawa, yanka biyu sun dakushe.

Dalilin haka, masana sun ce ƙarfen da ke riƙe kaifi shi ne wanda ke da ɗan sinadarin gawayi a jikinsa, wanda suke kira kabon, kimanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Irin wannan in aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa ko mai, sai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama kamar kwalba. Wanda ba shi da isasshen kabon kuwa, ko sau goma aka tsoma shi ba zai taurara ba. Maƙeranmu ba su san sunan kabon ba, amma sun san aikin da ido, daga launin ƙarfe a wuta da yadda yake amsa masaba.

WUƘAR KANTI

A ɗaya ɓangaren kuma, kantunan Turawa irin su John Holt da UAC sun cika kasuwa da kayan Ingila da Jamus. Manya sun san adda mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila. Sun san wuƙar Okapi mai ninkewa, wadda aka fara yi a Solingen a 1902, daga baya a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. A 1913 kuma wani mutumin Sheffield mai suna Harry Brearley ya gano haɗin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake zuba wa sinadarin kuromiyam fiye da kashi goma cikin ɗari. Daga nan ne farar wuƙar kicin ta samo asali. Su ma Turawa suna da wuƙarsu ta talaka marar ninkewa. A garin Mora na ƙasar Suwidin, tun 1891 ake ƙera wata 'yar wuƙa mai sauƙin kuɗi ta masassaƙa da manoma, kuma abin sha'awa, da kubenta ake sayar da ita, tamkar dai tamu.

Waɗanda suka yi wayo a 1986 sun tuna zuwan shirin SAP zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da darajar Naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. Mun ga yadda mutane da yawa suka koma wa maƙera a shekarun nan. Ƙarfen gida da aka sa wa rai bai zo ba, domin kamfanin Ajakuta da aka fara ginawa tun wajen 1979 bai kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Bayan haka sai kayan Sin suka kwararo. Yau in ka shiga Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari, ko ka tare mai tura baro, za ka ga wuƙaƙe jere cikin leda da kwali, masu ƙyalli, masu roba a mariƙi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A cikinsu akwai masu kyau, ba mu ce babu ba, mu ma muna sayarwa. Amma akasarinsu an yi su ne don kicin, su zauna a kwando kusa da murhu. Ba su da kube. Ta haka kaifi ya shiga hannun yaro ba tare da ya bi ta wurin maƙeri ko baduku ko uban gida ba. A da, wanda zai ba ka wuƙa ya san ubanka, ya san sana'arka, zai kuma gaya maka yadda ake riƙe ta. Yanzu kuwa kuɗi kawai za ka miƙa.

YADDA MANYA KE ZAƁE

To ga mai neman wuƙar aiki mai sauƙin kuɗi, ga abin da muka koya a wurin manya.

Na farko, ka san aikin kafin ka san wuƙar. Mai rake na bukatar mai ɗan nauyi da kaurin baya. Mai lemo da mai mangwaro, 'yar siririya ta ishe su. Mai kanti da ke yanke igiya da buɗe kwali, wadda ruwanta bai wuce inci huɗu ba ta wadatar. In ba mahauci ba, da wuya a sami mai sana'ar da ke bukatar wuƙar da ta wuce taƙi ɗaya. Mai baki biyu da dogon tsini kuwa, ba ta fere ba ta fiɗa, ka bar ta inda ka gan ta.

Na biyu, ka duba gindinta, wato wutsiyar ƙarfen da ta shiga cikin mariƙi. A nan mafi yawan wuƙaƙen araha ke mutuwa. Wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshen mariƙi, aka dafe shi da ƙusa biyu ko uku, ita ce mai ƙarko. Wadda aka soka ɗan guntu cikin roba, rana ɗaya za ta ɓalle, kuma sau da yawa a tafin hannun mai ita take ɓallewa. Ka riƙe ka girgiza, in ka ji tana motsi ka ajiye. Wannan ma shi ne fifikon marar ninkewa a kan mai ninkewa, ba ta da gaɓar da za ta saki ta datse maka yatsa, kuma ta fi sauƙin wankewa bayan nama.

Na uku, ka gwada taurinta. In wurin maƙeri ne, ka roƙi magagari ka ɗan goga a bakin. In ya zame bai kama sosai ba, ta sha wuta yadda ya kamata. In ya ci ta kamar sabulu, ba za ta riƙe kaifi ba. Ka ɗan tanƙwara ruwan kaɗan, mai kyau za ta koma daidai. Kada ka ji kunyar tambayar maƙeri da wane ƙarfe ya yi, mai gaskiya zai faɗa maka.

Na huɗu, baƙa ko fara? Baƙar wuƙar maƙera ta fi saurin kama kaifi a dutse, amma tana tsatsa. Mu tuna nan ba Katsina ba ce ko Sakkwato, daminar Minna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga laima. Wuƙar da za ta shekara lafiya a Daura, a nan mako guda cikin jiƙaƙƙen kube ya isa ta yi ja. Mai baƙa sai ya riƙa goge ta ta bushe, ya shafa mata ɗan man gyaɗa. Mai aikin lemo da abarba da kayan ruwa, farar ta fi masa sauƙi, in ya sami mai kauri. Wajen wasawa kuma, dutse da ruwa sun fi. Injin wasa da ake kai wa wuƙaƙe gab da Babbar Sallah yana da sauri, amma in aka bari bakin ya yi zafi har ya canja launi ya yi shuɗi, to an kashe taurin, sai dai haƙuri.

Na biyar, kuma shi ne maganar dattijon nan, kube. In wuƙar ba ta zo da shi ba, ka kai wa baduku ya ɗinka, ka lissafa kuɗinsa cikin kuɗin wuƙar tun farko. Ya kama ta tsam, in ka kifa kada ta zube, tsini kuma kada ya huda ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin kube bai tashi sayen wuƙa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wuƙar maƙeri mai kyau da kubenta, ko ta ɗara ta leda kuɗi, za ta binne irin waccan guda goma.

ABIN DA ADDINI DA DOKA SUKA CE

Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya karanta hadisin Shaddadu ɗan Ausu a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, inda aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Ashe kaifi ma rahama ce in an sa shi a muhallinsa. Haka kuma an hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, an umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, an kuma hana miƙa wa juna takobi a zare. Kun ga ke nan maganar kube ba al'ada ce kawai ba. Shi ya sa iyayenmu in za su miƙa maka wuƙa sai su juyo maka da mariƙin, ko su ajiye a ƙasa ka ɗauka.

Ta fuskar hukuma kuwa, wajibi ne yaranmu su san inda aka kwana. Dokar fashi da makami ta 1984 ba bindiga kaɗai ta ɗauka makami ba, adda da wuƙa da kulki duk suna iya shiga ciki, kuma hukuncin fashi da makami kisa ne. Yaron da ya fizge waya da 'yar wuƙa a hannu, a idon doka ba ɓarawon waya ba ne, ɗan fashi ne. Dokar zaɓe ta hana zuwa taron siyasa ko rumfar zaɓe da makami. A watan Afrilu na 2025 kuma, bayan faɗace-faɗacen matasa da suka addabi wasu unguwannin Minna, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba jami'an tsaro umarnin su tsananta wa duk wanda aka kama yana yawo da makami, har da wuƙa da sanda.

Mun san yaron kirki a unguwar nan, mai taya mai tsire aiki, da aka tare da dare yana komowa gida da wuƙa a soke a ƙugu, an naɗe ta da tsumma. Wallahi ba ɗan daba ba ne, kowa ya shaida. Amma sai da dattawa suka yi kwana uku suna safa da marwa kafin a sako shi, uwarsa kuwa har ta kwanta ciwo. Da wuƙar nan na cikin kube, cikin jakar kayan aiki tare da tsinken tsire da ƙullin yaji, ko da ma ya bar ta a teburin mai gidansa, da wataƙila maganar ba ta kai haka ba.

Jama'a, mu fa zama ya kawo mu garin nan, kuma shekara ɗari da wani abu Gwarawa da Nufawa da sauran maƙwabta sun san Bahaushe da wuƙa a hannu, a kwata, a tukubar tsire, a bakin tasha yana fere rake, ba su taɓa jin tsoro ba, domin sun san ta aiki ce. Wannan amana iyayenmu ne suka gina ta, ba da baki ba, da hali. In yaro ɗaya ya zare wuƙa a gidan biki ko filin ƙwallo, ba za a ce wane ɗan wane ba ne, cewa za a yi yaran Hausawa. Mai shago da mai haya da mai neman aure duk sai abin ya shafe su.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu sayarwa, in yaro ƙarami ya zo sayen wuƙar da ba ta kicin ba, a tambaye shi wa ya aiko shi, ribar da ke ciki ba ta kai abin da zai biyo baya ba. Masu gida a sana'a, mahauta da masu tsire da masu rake, wuƙa ta kwana a wurin aiki, in kuwa dole a tafi da ita, ta kasance cikin kube cikin jaka. Iyaye mata, ku riƙa duba ɗakin samari. Mu kuma riƙa kai ciniki wurin maƙeranmu da dukawanmu, don in suka rufe, ilimin nan ya tafi ke nan.

Shi kuwa yaron nan mai rake, washegari dattijon ya kama hannunsa ya kai shi maƙera, aka buga masa ta sifirin mota, gajera mai kaurin baya, aka biya wurin baduku aka auna kube. Yanzu in ya tashi daga kasuwa sai ya goge ta, ya mayar, ya sa a ƙasan baro ƙarƙashin buhu. Allah Ya yi wa sana'arsa albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da unguwarmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.